YAUSHE A KE SHUKA MASARA CIKIN SHIMFIƊAR MUKUNA?

Zuwa ga manoman auduga na Albarika da na ƙauyukan da ke bisa hanyar Faraku zuwa Jugu.

Darasin wannan takarda a kan masara ya ke. Kada wani ya ce, me ya haɗa malamin auduga da zancen masara? Auduga kuɗi ce, masara kuwa tuwo. Manomin da rumbunsa ya ƙare tun cikin marka, kafin ranar awo ta zo ya riga ya cinye kuɗin audugarsa a hannun masu ba da bashi. Bayan haka kuma gonar da ta yi masara bana ita ce za ta yi auduga baɗi. In ƙasar ta gaji, duka biyu za su gaya maka.

Da yawa cikinku sun shuka mukuna bara. Yanzu ga gona a rufe da busasshen ganye, ba a yi huɗa ba, ba a sa wuta ba. Duk inda na tsaya da keke tambaya ɗaya a ke yi mini: "Malam, yaushe za mu shuka?" To, ga amsa.

1. MUKUNA DA AIKINTA

Mukuna 'yar'uwar ƙarara ce, wadda ku ka sani a daji, mai ƙaiƙayin nan. Amma wadda mu ke shukawa ba ta da wannan ƙaiƙayi. Tana yaɗo kamar wake, sai dai ta fi wake ƙarfi nesa. In ta sami ruwa wata uku ta kan rufe gona ruf, har ba a ganin ƙasa.

Aikinta iri uku ne. Na fari, tana hana ciyawa ganin rana, har tofa ma ta kan raunana a ƙarƙashinta. Na biyu, in ka tuge ta za ka ga 'yan ƙululu a saiwarta kamar na gyaɗa. Ta wurinsu ta ke jawo abincin shuka daga iska, irin abincin nan da ke sa ganye ya yi kore shar, wanda a ke saye da tsada cikin buhun yuriya. Na uku, in ta mutu ganyenta da igiyoyinta su kan kwanta bisa ƙasa kamar tabarma. Wannan shi mu ke kira shimfiɗa. Shimfiɗa tana riƙe laima, tana rage zafin ƙasa, tana kuma tare ruwan sama kada ya kwashe ƙasar gona ya kai rafi.

Masu noman audugar biyo, watau wadda ba a sa mata takin kanti ko maganin kanti, su ne su ka fi bukatar wannan. Tun 1996 ƙungiyar OBEPAB ta fara irin wannan noma a Benin. Wanda ya shiga cikinsa ba shi da izinin fesa maganin kashe ciyawa a gonarsa. Saboda haka shimfiɗa ita ce maganin ciyawarsa, ita ce kuma rabin takinsa. In ya kuskure lokacin shuka, ba shi da wata kwalba da zai gyara kuskuren da ita.

2. KWANAKIN KUDU BA SU YI MANA DAIDAI BA

A 1987 aka fara gwada mukuna da manoma a jihar Mono, can kudancin Benin, tare da masu binciken aikin gona na ƙasa da na IITA. Manoman can su ka karɓe ta domin sun ga ta kashe musu tofa. Daga baya shirin Sasakawa Global 2000 ya raba irinta a wurare da yawa.

Amma ku lura da abu ɗaya. Mutanen Kudu damina biyu gare su a shekara, babba da ƙarama. Mu nan Borgu da Donga damina ɗaya gare mu. Ruwa ya kan fara taɓawa cikin Afrilu, ya zauna cikin Mayu, ya yi ƙarfi Agusta da Satumba, ya ɗauke cikin Oktoba. Daga nan sai rani na wata biyar. Don haka in ɗan'uwanka na Kudu ya aiko maka cewa ya shuka tun Maris, ka yi masa barka, ka bar irinka cikin buhu.

A Barazil da Amurka kuma, inda manoma ke shuka cikin shimfiɗa da manyan injuna, wasunsu su kan bi ta kan shukar rufin da wata ganga mai nauyi mai wuƙaƙe, su kwantar da ita sa'ad da ta yi fure, gama in an kwantar da ita kafin fure sai ta sake tashi. Mu Allah ya hutasshe mu sayen ganga. Hunturu shi ke yi mana wannan aiki: mukuna ta kan yi 'ya'ya, ta bushe da kanta cikin Disamba ko Janairu.

3. ALAMU UKU

Ba kalanda kaɗai za ka duba ba, ba kuwa maƙwabcinka ba. Gonarka za ka duba. Sai alamu uku sun cika kana ka ɗauki iri.

Alama ta fari: duk abin da ke gona ya mutu.
Da ruwan fari ya sauka, 'ya'yan mukunar da su ka zube bara za su tsiro, ciyawa kuma za ta leƙo inda shimfiɗa ta yi shara-shara. In ka shuka masara cikinsu, sun riga ta tashi, za su shanye ruwan, mukuna kuwa ta nannaɗe ta ta kayar. Sai ka bar su su fito sosai, sa'an nan ka sare su da adda daidai ƙasa, ko ka tuge, ka bar su nan kwance. Kada ka kwashe, kada ka ƙone. Wanda ya rufe gonarsa da waken turawa, shi ma ya sare rassan ya shimfiɗa.

Bayan sara ka dakata kwana 10 zuwa 15. Dalili kuwa, ɗanyen ganye in yana ruɓewa ya kan yi zafi, ya kan tara gyare da tsutsa, su kuwa su yanke masara tun tana ganye biyu. Ka ɗauki ganyen da ka sare ka murza a tafin hannu. In ya karye, ya yi. In ya lanƙwashe yana danshi kore, da saura.

Alama ta biyu: ƙasa ta jiƙa taƙi ɗaya.
Nan ne shimfiɗa ta kan ruɗi mutane. Ƙaramin ruwa in ya sauka, shimfiɗa ta kan shanye shi kamar soso. Kai kana ganin gona jiƙe sharkaf, alhali ƙasar da ke ƙarƙashi ko laima ba ta ji ba. Ka buɗe shimfiɗa a wuri biyar, kusurwa huɗu da tsakiya. Ka haƙa da hauya zurfin taƙi ɗaya, watau santimita 20. Ka damƙi ƙasar gindin ramin. In ta dunƙule ba ta watse ba, ta jiƙa. In ta zube tsakanin yatsu kamar gari, rufe ramin ka koma gida.

Alama ta uku: ruwa ya zauna.
Ka sami gwangwanin tumatir babba, wanda bakinsa da gindinsa faɗinsu ɗaya. Ka kafa shi bisa turke a fili, nesa da itace da rufin ɗaki. Bayan kowane ruwa ka tsoma tsinke ka auna, sa'an nan ka zubar. Ruwan da ya kai santimita 2 cikin gwangwani, kamar faɗin babban yatsa ke nan, shi ne milimita 20 da a ke faɗa a rediyo. In an sami haka cikin kwana ɗaya zuwa uku, kuma an shiga tsakiyar Mayu, wannan ruwan shuka ne. In cikin Afrilu ne, ko ya cika gwangwani ka yi haƙuri ka ga na biyu, gama a ƙasarmu ruwan Afrilu sau da yawa ya kan ɗauke kwana goma ko fiye.

4. HASARAR GAGGAWA

Abin da zan faɗa muku a gonar gidanmu ya faru, da hannuna kuma. Shekarar da na fara wannan aiki, aka yi ruwa mai tsawa cikin Afrilu da dare. Da gari ya waye na ga shimfiɗa ta yi baƙi don jiƙa. Babana ya ce a dakata. Ni kuwa ina taƙamar na je kwas, na ce masa ai shimfiɗa tana riƙe laima, ba abin tsoro. Ya yi shiru ya miƙo mini iri. Ban haƙa ko rami ɗaya na duba ba.

Masara ta tsiro tsilla-tsilla. Ruwa ya ɗauke. Wadda ta fito ta naɗe ganye ta bushe, wadda ba ta fito ba ɓera da fakara su ka tone. Mukunar da ban sare ba ita kaɗai ta yi ta yaɗo. Sai da mu ka sayi wani iri, mu ka sake shuka cikin Yuni, ranakun da ya kamata muna gonar auduga. Gona biyu su ka yi latti saboda gaggawar safiya ɗaya. Babana bai ce mini kome ba, sai ranar da mu ke sake shuka ya miƙo mini hauya ya ce, "Malam, fara dubawa."

Gaskiya ne shimfiɗa tana riƙe laima, amma sai laimar da ta riga ta shiga ƙasa.

5. HASARAR JINKIRI

Kada kuma wani ya ji wannan ya ce shi sai Yuli. Jinkiri ma yana da nasa hasara, har guda huɗu.

Ta ɗaya, ganyen mukuna ba ya daɗewa. Da damina ta zauna sai ya fara ruɓewa, gara kuma tana ci, abincin da ke cikinsa yana sauka ƙasa. In akwai masara a tsaye, ita za ta sha. In babu, ruwa ya wuce da shi can ƙasa inda saiwa ba ta kai ba, ko kuwa ciyawa ta sha.

Ta biyu, shimfiɗa tana raguwa kowane mako. Wanda ya shuka da wuri, kafin ta ƙare masararsa ta yi inuwa ta hana ciyawa. Wanda ya yi latti zai tarar rabin ƙasa a buɗe, ga shi ba huɗa ya yi ba, sai noma ya fi ƙarfinsa.

Ta uku, tsutsar nan mai cin zuciyar masara. Asalinta daga Amurka ta ke, a 2016 aka fara ganinta a Benin da Nijeriya da Togo. Ta fi son masara ƙarama. In gonakin kewaye duk sun girma, taka kaɗai ce ƙarama, kai za ta yi wa sansani. Ya fi kyau mutanen yanki ɗaya su shuka kusa da juna.

Ta huɗu, auduga. Kun sani shukar auduga a nan cikin Yuni ne zuwa farkon Yuli, auduga kuwa ba ta yafe latti. Hannu biyu ba su shuka gona biyu rana ɗaya. Amfanin shuka ba huɗa ke nan: ba ka jiran shanun huɗa ko tarakta su gama da gonakin wasu. Ka gama da masara tun kafin auduga ta kira ka.

6. LISSAFIN KWANAKI

Ka tambayi mai ba ka iri, masarar ta kwana nawa ce. Akwai ta kwana 120, da ta 105, da ta 90, da wadda ba ta kai haka ba.

Masarar kwana 120 in an shuka ta ran 1 ga Yuni, ta nuna ran 29 ga Satumba, da sauran ruwa. In an kai ta Yuli, goyonta zai faɗa lokacin da ruwa ke ɗaukewa, ƙwaya ta yi shafal. Masarar kwana 90 in an shuka ta ran 10 ga Yuli, sai 8 ga Oktoba, daf da ƙarshen damina ke nan.

Saboda haka ga shawara. Mai dogon kwana, daga tsakiyar Mayu zuwa tsakiyar Yuni. In wannan lokaci ya wuce ka, ko ruwa ya yi latti, ka bar ta, ka nemi ta kwana 90. Ita ma kada ta wuce kwana goma na farkon Yuli.

Akwai wani lissafi kuma da mutane ke mantawa. Mukunar da za ta zama shimfiɗar baɗi, cikin masarar bana a ke shuka ta, bayan masara ta yi kwana 40 zuwa 45. In an sa ta kafin haka ta kan hau masara ta danne. To, duba. Wanda ya shuka masara ran 25 ga Mayu zai sa mukuna ran 9 ga Yuli, ta sami ruwa wata uku cur, ta rufe gona da kauri. Wanda ya shuka ran 5 ga Yuli sai 19 ga Agusta zai sa tasa, ruwan wata biyu kaɗai ya rage mata, shimfiɗarsa ba za ta rufe ƙasa ba. Ashe lattin bana ya kan bi mutum har baɗi. Tun ran gini ran zane.

7. YADDA A KE SHUKA

Kafin ranar shuka da mako ɗaya, ka gwada irinka. Ƙirga ƙwaya 20, naɗe cikin jiƙaƙƙen buhu, ajiye a inuwa, kana yayyafa ruwa. Bayan kwana biyar ko shida ka buɗe. In 17 ko fiye sun tsiro, iri ya yi. In ba su kai 15 ba, nemi wani.

Ranar shuka ka ja igiya. Tsakanin layi da layi santimita 80, watau taƙi huɗu. Tsakanin rami da rami santimita 40, taƙi biyu. In akwai tsofaffin kunyoyi a ƙarƙashin shimfiɗa, ka bi bisa kansu.

Mutum ɗaya ya wuce gaba da adda ko sanda, yana buɗe shimfiɗa faɗin tafin hannu a gurbin kowane rami. Na biyu ya sara rami da sungumi ko hauya, zurfin gaɓar yatsa biyu. Na uku ya sa ƙwaya uku, ya rufe da ƙasa, ya taka da dunduniya. Ku lura ƙwarai: iri ya shiga cikin ƙasa, kada ya tsaya cikin ganye. Kada kuma a mai da shimfiɗa bisa bakin ramin, gama masara in ta fito cikin duhu ta kan yi fari ta lanƙwashe. Mai ruɓaɓɓen takin shanu ya zuba cikin hannu ɗaya gefen kowane rami.

Masu shuka su sa takalmi mai rufi. Maciji da kunama suna son sanyin shimfiɗa. A riƙa buga sanda gaba kafin a sa hannu.

Bayan mako ɗaya ka zaga ka cike gurbin da bai fito ba. Bayan mako biyu ka cire, ka bar biyu a kowane rami. Da wannan tazara hekta ɗaya tana ɗaukar rami 31,250, watau masara 62,500. Duk mukunar da ta sake tsirowa kafin kwana 40, ka tuge ta. Ciyawa ma da hannu ko bakin hauya, ba tare da ka juya ƙasa ba.

In ka ga masara ta yi rawaya tana ƙarama, sau da yawa inda karan masara ko ciyawa su ka fi ganyen mukuna yawa ne cikin shimfiɗa. Kara ba ya ruɓewa da sauri, yana kuwa riƙe abinci sa'ad da ya ke ruɓewa. Ka ƙara taki a wannan wuri.

8. TSARON SHIMFIƊA DA RANI

Duk abin da na faɗa, sai in shimfiɗa ta kai Mayu. Abokan gabanta biyu ne, wuta da dabbobi.

Tun cikin Nuwamba, kafin ciyawar daji ta bushe, ka share hanya kewaye da gona, faɗin taki uku ko huɗu, ƙasa tsirara. Ka yi magana da maƙwabta da samari masu farautar gafiya. Ashana ɗaya ta isa ta cinye aikin shekara.

Shanu suna son mukuna, makiyayi kuwa bai san ka bar ta da nufi ba, yana tsammani ragowar gona ce. Kada ka jira sai an yi ɓarna a tafi gaban mai gari. Ka je ruga tun da kaka, ka gai da ardo, ka nuna musu gonar, ka kafa alama a kusurwoyinta. In kana da wata gona mai kara, ka ba su ita su kwana a ciki, su ci kara su bar maka taki. Kowa ya samu.

Ka tsinke kwasfar mukuna in ta bushe, ka ajiye irin baɗi. Yawan abin da ka tsinke, ƙarancin abin da zai tsiro ya dame ka. A gargaɗi yara da mata kada a dafa 'ya'yanta kamar wake, gama akwai abin da ke sa jiri da amai a cikinsu.

9. INDA BAI KAMATA A YI BA

Ka tsaya tsakiyar gona cikin Mayu ka dubi ƙasa. In ƙasar da ka ke gani ta fi wadda ke rufe yawa, ko wuta ta ci, ko shanu sun cinye sun tattake, bana ka yi huɗa yadda ka saba, ka sake sa mukuna. Shuka ba huɗa a ƙasa tsirara mai tauri wahala ce kawai.

Haka kuma fadama da duk inda ruwa ke kwanciya. Masara ba ta son ƙafarta cikin ruwa, shimfiɗa kuwa ƙara riƙe shi za ta yi. Can kunya ta fi.

Gonar da tofa ta cinye, kada ka haɗa ta da masara shekarar fari. Ka sare tofa, ka shuka mukuna zalla da farkon damina, ka bar mata gonar shekara guda. Baɗi masara, baɗin baɗaɗa auduga.

Wanda bai taɓa yi ba, kada ya fara da dukan gonarsa. Ya yanki kwata ɗaya ya gwada, ya kwatanta da sauran ran girbi.

AIKIN WATA-WATA

Nuwamba: share hanyar wuta, zuwa ruga.
Disamba da Janairu: tsinkar irin mukuna.
Afrilu: kafa gwangwani, neman iri. Ba shuka.
Farkon Mayu: sare abin da ya tsiro, gwada iri.
Tsakiyar Mayu zuwa tsakiyar Yuni: shukar masara, in alamu uku sun cika.
Yuni zuwa farkon Yuli: shukar auduga.
Kwana 40 zuwa 45 bayan shukar masara: shukar mukuna tsakanin layuka.

TAMBAYOYI DOMIN TARON ƘUNGIYA

Wanda ya iya karatu ya karanta wa sauran, a amsa tare.

1. Don me a ke dakatawa kwana 10 zuwa 15 bayan an sare ɗanyen ganye?
2. An yi ruwa jiya, shimfiɗa ta jiƙa. Me za ka yi kafin ka ɗauki iri?
3. Yau 25 ga Yuni, ba ka shuka ba, irin da ke hannunka na kwana 120 ne. Mene ne dabara?
4. In ka shuka masara ran 1 ga Yuni, wace rana za ka sa mukuna?
5. Su wa ya kamata ka yi magana da su tun da kaka, domin shimfiɗarka ta kai damina?

Wanda wani abu ya shige masa duhu, ya tare ni ranar zagaye, mu je gonar tare da hauya mu duba. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu da fari da wuta. Amin.

Naku,
Malamin Gona, Albarika.